Su Wane ne Mutanen Zongon Kwatano?

Ɗalibin da ya duba taswirar biranen bakin teku, daga Ankara zuwa Lome zuwa Kwatano, zai ga unguwa mai suna Zongo a kowanne. Kalmar tamu ce, wato zango, inda ayari ke sauke kaya ya kwana. A bakin maƙwabta wasalin ya koma "o", ma'anar kuma ta tashi daga wurin kwana ɗaya ta koma unguwar baƙi Musulmi 'yan arewa. Wannan takarda za ta dubi Zongon Kwatano, a Jamhuriyar Benin, don a ga daga ina mutanensa suka fito, da abin da ya sa ake kiransu Hausawa duka.

Shi kansa Kwatano ba tsohon birni ba ne. Ƙaramin gari ne na masarautar Dahome a bakin ruwa, wanda Faransa ta ce an ba ta shi a yarjejeniyar 1868 da ta 1878, zamanin Sarki Glele. Magajinsa Behanzin bai yarda ba. Aka gwabza a 1890, aka sake a 1892, har ya miƙa wuya a 1894. Ke nan a waɗannan shekaru Kwatano kan iyaka ne, inda ikon sarki ke janyewa, na Bature bai gama zama ba. Irin wurin nan baƙo ke samun shiga.

Daga cikin baƙin akwai sojoji. Rundunar da Dodds ya ja zuwa Abome a 1892 tana da ɓangaren da Faransawa suka kira sojojin Hausa, kamar yadda Ingilishi suka yi a Ikko tun 1863 da dakarun Glover. A nan ya kamata ɗalibi ya yi hattara. Ba duk wanda aka rubuta "Hausa" a takardun Turawa ne Bakano ko Bakatsine ba. Da yawa bayi ne da suka tsere ko aka 'yanta, wasu Yarabawa ne, wasu daga ƙasashen arewa daban-daban. Ga Bature, suna ne na aiki: Musulmi, baƙo, marar dangi a wurin, wanda za a iya ba bindiga.

Fatake kuwa sun riga soja sanin ƙasar, sai dai ta arewa. Hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja ta ratsa Bargu, ta bi ta Nikki da Jugu kafin ta kai Salaga, kamar yadda Mahdi Adamu (1978) da Paul Lovejoy (1980) suka nuna. Da Ingila ta ci Asante a 1874, sannan yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai ciniki ya karkata zuwa teku, 'yan kasuwa suka bi shi. Titin jirgin ƙasa da aka fara daga Kwatano a 1900 ya kai Faraku a 1936, daga nan mota ta ɗauka zuwa kogin Kwara da Gaya. Wannan hanya ce ta kawo mafi yawan baƙin baya-bayan nan: Hausawan Nijar, da Zabarmawa, da Dendawa, musamman bayan buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a 1965, wadda ta zama ƙofar kayan Nijar.

Yaya baƙo ke rayuwa idan ya iso? Tsarin shi ne na kowane zango. Yakan sauka wurin maigida, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan bashi ya shiga. Amana ce jarin, domin babu takarda. Rigima ta tashi, a kai wa sarkin zango ko liman kafin a je ga hukuma. Sana'o'in su ne fawa, da tsire, da canji, da gadi, da tallar yadi da tasbaha, da malanta. Aure da matan gari ya yi yawa, shi ya sa za ka tarar da yaro yana Fon da uwarsa, Faransanci a makaranta, Hausa a masallaci da kasuwa. A ganina nan ne asirin sunan yake: harshen ne ya tara su, ba asali ba. Bazabarme a Yamai Bazabarme ne, amma a idon mutumin Kwatano, muddin a Zongo yake, Bahaushe ne.

Hausar da ake ji a wurin ta fi karkata ga ta Nijar. Inda Bakano zai ce kwastan, a nan duwan ne. Babbar mota kamyo ce. Makarantar boko lakwal. Lissafin kuɗi ma da dala ake yi, dala ɗaya sefa 5, don haka "dala ashirin" sefa 100 ce, jika kuma sefa 1,000. Wanda ya je da lissafin naira a kansa sai ya yi ta tafka asara.

Har ila yau cikin unguwar a ɗaure yake da waccan hanya ta arewa. Da aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, manyan motoci suka yi layi a kan iyaka, direbobi da dillalai da masu masauki na Kwatano, kilomita fiye da 700 daga gadar, suka zauna ba aiki.