Sanyaya Sabon Gida a Lokacin Bazara: Misalin Tignère da Garwa

Gabatarwa

Duk wanda ya gina gida a arewacin Kamaru, abin da yake fara gwada ingancin ginin shi ne zafin watannin Maris da Afrilu. Wannan takarda za ta yi bayanin hanyoyi biyu da ake bi a rage zafin ɗaki, wato samar da inuwa da kuma amfani da na'urar sanyaya ɗaki.

Bambancin garuruwan biyu

Garwa tana kwance a kwarin kogin Binuwai, kuma zafinta da bazara yakan wuce digiri 40. Shi kuwa Tignère, hedkwatar gundumar Faro-et-Déo, yana bisa tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga doron teku. Da yake iska takan yi sanyi da kimanin digiri 6 a duk hawan mita 1,000, dare a Tignère ya fi na Garwa sanyi. Saboda haka gidan da aka tsara da kyau a Tignère yana iya wadatuwa da taga da fanka, alhali a Garwa abin yakan fi haka wuya.

Me ya sa sabon gida ya fi zafi?

Ginin gargajiya na tubali da azara yana da kauri. Ƙasa takan sha zafin rana a hankali, ba ta sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi. Ginin zamani kuwa na bulo ne maras kauri, da rufin kwano. A wannan yanki rana tana bi ta tsakar ka a lokacin bazara, don haka kwano ne yake ɗaukar mafi yawan zafin, ya zubo shi kan masu ɗaki.

Inuwa

Tun wajen aza harsashi ake fara maganin zafi. Ana so dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, a rage tagogi a gabas da yamma, inda hantsi da la'asar suke bugawa kai tsaye. Sai a fito da bakin rufi ya rufe bango, a sa sili, a bar sarari tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa. Irin wannan dabara ce Francis Kéré ya yi amfani da ita a makarantar Gando ta Burkina Faso, wadda aka gama a 2001. Rumfar zana da bishiyar darbejiya ko mangwaro a yammacin gida su ma suna tare rana kafin ta taɓa bango.

Na'urar sanyaya ɗaki

Wannan na'ura aikinta shi ne ta kwashe zafin ɗaki ta fitar da shi waje. Ke nan gwargwadon zafin da rufi ya shigar, gwargwadon wutar da za ta ci. Ga kuma wata matsala. Garwa ta dogara ƙwarai ga madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka gama a 1982, kuma ruwanta yakan ja baya a ƙarshen rani, daidai lokacin da aka fi buƙatar sanyi. Gidan da ya dogara ga na'ura kaɗai, in aka ɗauke wuta, ba ya kwantuwa, kuma yara da tsofaffi su suka fi shan wuya.

Kammalawa

Hausawa sun ce riga-kafi ya fi magani. Mai gini ya fara da fuskar gida da rufi da bishiya, sa'an nan ya sayi na'ura daidai girman ɗakin da ya rage da zafi.

Tambayoyi

1. Me ya sa daren Tignère ya fi na Garwa sanyi?
2. Bayyana ma'anar azara da hantsi da zana, ka sa kowacce cikin jimla.