Kashi na yau: Umarnin look, da sharaɗin da ba a tsallake shi

Yau a kan wani ɗan ƙaramin umarni za mu tattauna, sunansa look. Tsoho ne, domin tun 1979 yana cikin Unix fitowa ta 7, kuma har yanzu ana samun sa a Linux da macOS.

Aikinsa guda ɗaya ne: ka ba shi farkon kalma, ya fito maka da duk layin da ya fara da ita. Misali kana da fayil na sunayen garuruwa, sai ka rubuta:

look Ka garuruwa.txt

Nan take za ka ga Kaduna, Kano, Katsina. Idan kuma ba ka ambaci fayil ba, zai duba jerin kalmomin da ke /usr/share/dict/words.

To, wani zai ce ai grep ma tana yin haka. Gaskiya ne. Amma grep layi-layi take karantawa, daga farko har ƙarshe. Shi kuwa look yadda kake neman kalma a ƙamus haka yake yi. Ya buɗe tsakiya, ya ga abin yana gaba ne ko baya, ya watsar da rabi, ya sake raba ragowar biyu. Fayil mai layi miliyan ɗaya, kusan rabawa 20 ta ishe shi. Mai biliyan ɗaya kuwa, kusan 30.

Amma fa a kula, nan ne matsalar take. Wannan saurin ya dogara ne kacokan a kan fayil ɗin yana jere bisa tsarin haruffa. Idan a hargitse yake, look ba zai yi maka kashedi ba. Shiru kawai zai yi, ko ya kawo rabin amsa. Kai kuma ka tafi da cewa sunan ba ya ciki, alhali yana nan. Ka yi tunanin jerin masu karɓar albashi ne kake dubawa, ka ga an zalunci mutum ba gaira ba dalili.

Maganinta, ka fara jera fayil ɗin:

LC_ALL=C sort garuruwa.txt > jere.txt

Sannan yadda ka jera, haka za ka nema. Idan za ka sa -f domin kada ya bambanta babban harafi da ƙarami, to sort ɗin ma ka sa masa -f. Haka ma -d, wanda ke tsallake alamomi.

Shawarata: kafin ka yarda da shirunsa, gwada shi da sunan da ka tabbata yana ciki. Ko ka sa sort -c ya duba maka jerin, zai nuna layin farko da ya kauce.

Nan za mu dakata. Ku gwada, ku faɗa mana yadda kuka gani. Sai mun haɗu a kashi na gaba, a huta lafiya.