Ka sauya waya, ka sake kulle memori, amma fili ya cika? Ga inda ya tafi

Duk wanda ya saba zirga-zirga a titin Beirut da shagunan waya na Sabon Gari ya san wannan koken: mutum ya sayi sabuwar waya, an kwashe masa kayansa, ya isa gida sai ta ce fili ya ƙare.

Tushen matsalar makulli ne. Idan ka kulle katin memori a wayar Samsung, ko ka mayar da shi ma'ajiyar ciki kamar yadda Android ta ba da dama tun siga ta 6 a 2015, makullin yana cikin wayar, ba a katin ba. Wata waya ba za ta karanta shi ba. Idan kuma aka yi wa tsohuwar filashin kafin a buɗe katin, hotunan sun tafi ke nan.

Shi ya sa sai an kwafe komai zuwa wani wuri, a goge katin, a sake kulle shi a sabuwar waya, sannan a mayar da kayan. A nan ake barin kwafi biyu ko uku na abu ɗaya.

Kafin ka goge komai, buɗe hotuna da bidiyo kaɗan a katin, ka kashe wayar ka kunna, ka sake gwadawa. Sai sun buɗe za ka fara shara.

Fara da jakar da aka yi kwafin wucin gadi a cikin wayar. Manhajar Files ta Google tana zaƙulo fayilolin da suka maimaitu. Bayan nan ka zubar da kwandon shara, domin abin da ka goge yana zama a ciki kwana 30 yana cin fili.

Sai WhatsApp. A jakar Databases akwai fayilolin da sunansu ya fara da msgstore. Masu ɗauke da kwanan wata tsofaffi ne, kana iya goge su. Wanda ba shi da kwanan wata shi ne na baya-bayan nan, kada ka taɓa shi. Idan ka kunna kulle ajiyar hira, wanda ya zo a 2021, adana kalmar sirrinka ko makullin nan mai lamba 64, don kamfanin ma ba zai iya dawo maka da su ba.

Kwafi mafi haɗari shi ne wanda ba a wayarka yake ba. Idan ta kwamfutar mai gyara aka bi, hotunan iyalinka da na katin shaidarka suna can a buɗe, ba kulle. Kada ka bar shagon sai an goge su a gabanka, har da kwandon sharar kwamfutar.