Kurkukun Da Aka Mai Da Shi Hurumi: Labarin Tsibirin Roben

A can ƙarshen Afirka ta wajen kudu, daura da birnin Kef Tawun, akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Roben. Tsawonsa bai wuce mil 2 ba, faɗinsa kuwa mil 1 ne da ɗan ɗoriya, tsakaninsa da gaɓa mafi kusa kamar mil 4. Wanda ya tsaya a kansa yana hangen birni sarai, amma ruwan da ke tsakani sanyi gare shi ƙwarai, ga igiya mai ƙarfi. Masu mulkin ƙasar, ɗaya bayan ɗaya, suka ga ba su da ganuwar da ta fi wannan ruwa, suka yi fiye da shekara 300 suna jefa wanda ba su so a can.

A 1991 aka fitar da fursunonin siyasa na ƙarshe, a 1996 aka kwashe sauran masu laifi, aka rufe gidan yari. Nan fa magana ta tashi, me za a yi da wurin? Tun kafin wannan akwai masu son a mai da shi wurin shaƙatawa, a gina masaukai na masu kuɗi. Duk wanda ya san ciniki ya san lissafinsu ba na wofi ba ne, gama fili ne a tsakiyar teku, kusa da birni mai arziki. Amma waɗanda suka sha ɗauri a can ba su yarda ba. Babba daga cikinsu shi ne Ahmad Katarada, abokin ɗaurin Nelson Mandela, wanda ya shugabanci majalisar da ke kula da wurin daga baya. Gwamnati ta bi ra'ayinsu, ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1996, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1997. A watan Disamba na 1999 kuma hukumar UNESCO, watau reshen Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilmi da al'adu, ta zauna a Marakish ta ƙasar Maroko, ta rubuta shi cikin wuraren gadon duniya. A wannan zama ne aka rubuta Sukur ta Adamawa.

Ma'anar wannan hukunci ba ta da nisa da abin da jama'a suka sani na hurumi, irin wanda akan yi wa maƙabarta ko filin idi: ba mai sayarwa, ba mai rushewa, ba mai aza gini sai da izni. Abin lura shi ne ba gidan yari kaɗai aka yi wa hurumin ba. Tsibirin ne ɗungum, da maƙabartunsa da ramukan da aka haƙi dutse, har da mil guda na ruwan da ya kewaye shi.

Mafi yawan masu zuwa don Mandela suke zuwa, ba laifinsu kuwa. Shekara 18 ya yi a nan, daga 1964 zuwa 1982, cikin shekara 27 da ya yi a ɗaure. Lambarsa 466/64, ɗakinsa kamar ƙafa 8 ne da ƙafa 7. Da fari wasiƙa ɗaya da baƙo ɗaya ake yardar masa a wata shida. Hatta abinci da tufa an bambanta: baƙar fata ba ya samun abin da Ba'indiye ke samu, kuma gajeren wando ake ba shi ko da ya yi furfura. Shi da abokansa suka yi shekaru suna fasa dutsen farar ƙasa, hasken ramin ya ɓata musu idanu. A nan kuma masu ilmi suka riƙa koyar da waɗanda ba su yi karatu ba, har suka riƙa kiran wurin jami'a. Da suka koma ziyara a 1995, Mandela ya ɗauki dutse ya ajiye a bakin ramin, kowa ya bi shi da nasa. Tarin duwatsun yana nan.

To, amma in an ƙirga waɗanda tsibirin nan ya haɗiye, Mandela ɗan baya-baya ne. Fiye da shekara 180 kafin zuwansa, a 1780, kamfanin ciniki na Turawan Holanda ya kawo wani malami daga Tidore, cikin tsibiran da ake kira Indunusiya a yau, bisa zargin yana haɗa kai da Ingilishi. Sunansa Abdullahi ɗan Alƙali Abdussalami, mutanen Kef suna ce masa Tuan Guru, watau babban malami. Aka tsare shi a Roben, nesa da ƙasarsa da littattafansa. Musulmin Kef sun riƙe cewa a wannan zaman tsare ne ya rubuta Alƙur'ani da ka. Wanda ya taɓa satu, ko ya ga yadda alaramma ke fama da ayoyi masu kama da juna alhali ga abokan tishe a gefensa, shi ya san nauyin wannan aiki ga mutumin da ba shi da mai gyara masa. Ya kuma rubuta littafi a kan imani da ibada, wanda ya ɗauko tauhidinsa daga Shehu Sanusi mai Ummul Barahina, littafin nan da ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato da Damagaram. Bayan an sake shi ya buɗe makaranta a Kef a 1793, yana karantar da bayi da 'yantattu. Daga wannan makaranta aka sami Masallacin Awwal a 1794, masallaci na farko a Afirka ta Kudu, tun hukuma ba ta yarda Musulmi su yi addininsu a fili ba, don sai a 1804 aka ba da wannan izni. Ya rasu a 1807. Ɗaya daga cikin Alƙur'anan da ya rubuta yana ajiye a masallacin, bayan an tsinto shi a saman rufi sa'ad da ake gyara.

A jikin katangar gidan yari kuma akwai hubbare mai ƙubba, wanda aka gina a 1969 don tunawa da Sayyid Abdurrahman Moturu, wani basarake daga Madura da ya rasu a tsare a 1754. Akwai Makana, jagoran yaƙin ƙabilar Kosa, wanda ya nutse a 1820 yana ƙoƙarin gudu. Akwai ɗan gidan da aka killace Robert Sobukwe shi kaɗai daga 1963 zuwa 1969, ba a bari ya yi magana da sauran fursunoni. Da a ce ɗakin Mandela kawai aka kiyaye, da yanzu waɗannan duka suna hannun masu awon fuloti.

Wannan ba zato ba ne, don an taɓa yi. Daga 1845 zuwa 1931 tsibirin ya zama wurin da ake kai kutare da masu taɓin hankali, da yawansu ba da sonsu ba. Da aka kwashe kutaren sai aka rushe gidajensu, ba abin da ya saura sai majami'arsu ta 1895 da kaburbura. Allah Sarki! Shekara 86 na zaman mutane, amma yau mai ziyara ba ya ganin ko ɗaki ɗaya da suka kwana a ciki.

Yin hurumi da takarda abu ne mai sauƙi, riƙonsa shi ne aiki. Iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe da bango ba dare ba rana. Zomayen da Turawan farko suka saki sun yi ta yaɗuwa har suka cinye tsiro suka tone ƙarƙashin gine-gine, sai da aka kashe dubbai. Kuɗin shiga kuwa duk ya rataya ga jirgin ruwa, ran da teku ya yi fushi ba ciniki. A 2017 wani jirgin masu ziyara ya fara shan ruwa a hanyar komowa, aka ceto fiye da mutum 60. Annobar korona ta 2020 kuma ta tsai da baƙi, aljihun gidan tarihin ya ji jiki.

Akwai wata asara da kuɗi ba su maganinta. Tun buɗe wurin, tsofaffin fursunoni ne ke zagayawa da baƙi cikin gidan yarin, kowa yana nuna inda ya shimfiɗa tabarmarsa, yana ba da labari da bakinsa. Mandela ya rasu a 2013, Katarada a 2017. Yaron da aka kama yana ɗan shekara 18 a tarzomar Soweto ta 1976 kuwa, yau ya haura 65.