Yaron Da Ba Ya Son Hayaniya Ma Zai Iya Karanta Fiziks

A zagayen da muke yi a ikilisiyoyin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, iyaye da malaman makarantar Lahadi sukan tambaye mu game da wani irin yaro. In an kira sunansa ba ya waiwayowa. Ba ya kallon idon mutum, ba ya shiga wasa da tsaransa. In ganga da lasifika suka yi ƙarfi a sujada sai ya toshe kunne ya fice. Amma ka ba shi tsohuwar rediyo ko tocila, zai wuni yana kwancewa yana ɗaurawa. Wasu su ce dolo ne, wasu su ce iska ce ta taɓa shi, daga nan a cire shi daga makaranta a tura shi kiwo. Wannan cirewar ce muke so mu yi magana a kai.

Mene ne wannan hali?

Likitoci suna kiransa otizim. A rediyo za ku ji an ce galahanga, ko da yake akan haɗa sunan da wasu lalurorin dabam. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi a 1943 bayan ya lura da yara 11. Hali ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun yaro yana ƙarami, kuma gado yana da hannu sosai a ciki. Ba laifin uwa ba ne, ba sammu ba ne, allurar rigakafi kuma ba ta kawo shi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. Ke nan a makarantar firamare mai ɗalibai 300, ba abin mamaki ba ne a sami biyu ko uku.

Yaran ba duka ɗaya suke ba. Akwai wanda ba zai yi magana ba, zai bukaci kulawa duk ransa, darajarsa kuma daidai take da ta kowa. Akwai wanda yake magana sarai, yana riƙe lissafi fiye da 'yan ajinsu, matsalarsa ita ce zama cikin mutane da sauyin da ba a gaya masa ba. Likita ne zai tantance, don haka a fara daga babban asibitin ƙaramar hukuma, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Me ya haɗa shi da fiziks?

Fiziks ilimi ne na yadda abubuwa suke aiki: haske, zafi, wutar lantarki, ƙarfi da motsi. Kullum muna tare da shi. Shi ne a madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974, shi ne a injin ban ruwa, shi ne a farantin sola da muke cajin waya. Na'urar da ake kafawa a auna inda ruwa yake kafin a haƙa rijiyar burtsatse, aikin masu fiziks ce.

Wannan ilimi yana son mai haƙurin maimaita abu ɗaya, mai lura da ƙananan abubuwa, mai son doka da tsari. Da yawa daga cikin yaran da muke magana a kansu haka suke. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2013 ya nuna cewa cikin masu otizim da suka shiga manyan makarantu, kusan kashi 34 cikin 100 sun zaɓi fannonin kimiyya, lissafi da injiniya, fiye da sauran ɗalibai. Paul Dirac na Ingila, wanda ya ci kyautar Nobel ta fiziks a 1933, ya yi suna wajen ƙarancin magana, har marubucin tarihinsa ya yi hasashen yana da wannan hali. Temple Grandin kuwa, wadda aka haifa a 1947, likitoci sun tabbatar da nata. Ta daɗe ba ta fara magana ba, amma ta zama farfesar kimiyyar dabbobi, ta tsara shingayen bi da shanu da ake amfani da su a mahautan Amurka da yawa. Uwarta ta ƙi yarda a killace ta, wani malamin kimiyya kuma ya riƙe ta a sakandare.

Hanyar karatun

Bayan aji uku na ƙaramar sakandare, yaro yana bukatar makarantar da ke da malamin fiziks da ɗakin gwaji. Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, akwai kuma ta 'yan mata a Garko, ana shiga ta hanyar jarrabawa. A WAEC ko NECO ana neman kiredit biyar, ciki har da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Turancin ne yakan kayar da irin waɗannan yara, saboda haka a nemo mai taimaka musu tun da wuri.

Sai jarrabawar JAMB. Tun 2017 hukumar take da kwamiti na musamman domin masu bukata ta musamman, kuma ya haɗa da masu otizim. Sai an bayyana halin yaron lokacin rajista, don haka takardar likita tana da amfani. Ana karanta digirin fiziks shekara huɗu a Jami'ar Bayero, da jami'ar kimiyya ta Wudil, da Jami'ar Ahmadu Bello. A Zariya ne ma na'urar binciken nukiliya ta Nijeriya take, wadda ta fara aiki a 2004. Wanda ya gama zai iya koyarwa, ko aikin auna ruwan ƙarƙashin ƙasa, ko harkar sola, ko hasashen yanayi, ko ya ƙara karatu ya yi aiki da na'urorin asibiti.

Doka ma tana bayansa. Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ce ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙarin ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki.

Inda sukan faɗi

Sau da yawa karatun bai fi ƙarfinsu ba. Abin da yake korar su shi ne hayaniyar ɗakin kwana, zalincin manyan ɗalibai, da bulalar malamin da ya ɗauka rashin kallon ido raini ne. A jami'a kuma ga cunkoson aji, ga layin rajista, ga sauya lokacin darasi ba sanarwa. Yaron ba zai kawo ƙara ba, sai dai a ga ya dawo gida ya ƙi komawa.

Abin da za mu iya yi

Iyaye su daina duka da ɗauri, ba sa gyara komai. A yi wa yaron magana a fili, a taƙaice, ban da habaici, domin yakan ɗauki magana yadda aka faɗe ta. In za a sauya wani abu, a gaya masa tun jiya. Kafin ya shiga sabuwar makaranta, a kai shi ya ga ajin da wurin kwanan, a kuma zauna da shugaban makarantar.

Zumuntar mata za ta iya karɓar uwar yaron na 'yan sa'o'i ta huta. Matasanmu da ke karatu a Kano da Zariya su riƙe shi kamar ƙane, su raka shi rajista, su riƙa leƙa shi. Dattawa kuma, in ana raba taimakon kuɗin makaranta bayan kaka, a sa sunansa a lissafi. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna.

Ranar 2 ga Afrilu ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2007 domin wayar da kai a kan otizim. Muna roƙon kowane fasto ya ba da minti goma a Lahadin da ta fi kusa da ranar, a karanta wannan bayani a gaban jama'a. Iyayen da ke da tambaya su same mu a zagaye na gaba, su zo da yaron da littattafansa na makaranta.