Shin Ko Kun San? Ƙananan Sinadaran da Aka Raina Sun Shiga Binciken Sankarar Hanta

Shin ko kun san hantar babban mutum ta kai kilo ɗaya da rabi? Kuma jinin da ke ratsa ta a kowane minti ya kusa lita ɗaya da rabi? Ayyukanta sun haura 500. Ita ke ajiye sukari, ita ke sarrafa kitse, ita ke karya lagon guba.

Ga na ban tsoro. A shekarar 2022 kaɗai, mutum sama da 860,000 suka kamu da sankarar hanta a duniya, sama da 750,000 kuma ta yi ajalinsu. Ita ce ta uku wajen kisa a duk cututtukan daji. Wace ƙasa ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'arta? Ku canka. Mongoliya!

To, ku gyara zama. Furotin ɗin jikinmu jeri ne na wasu sinadarai iri 20 da ake kira amino asid, an shirya su ɗaya bayan ɗaya kamar ƙwayoyin carbi a zare. Wani jerin tsawonsa ya wuce misali: titin, da ke cikin tsoka, yana da ƙwaya sama da 30,000. Gajerun kuwa su ake kira feftaid. Insulin na masu ciwon suga ƙwaya 51 ne kacal.

Kun san abin da ya faru da gajerun nan? Da masana suka zauna karanta DNA na ɗan Adam, sai suka kafa wa kwamfuta doka: duk jerin da bai kai ƙwaya 100 ba, ta tsallake shi. Wai gajerun jeri sun yi yawa, galibinsu dacen banza ne. Ke nan carbi mai ƙwaya 99 ma da bai sha ba! Haka aka yi shekaru ana wuce su, ana cewa wuraren ba sa haifar da komai.

Sai a 2009 Nicholas Ingolia da Jonathan Weissman, a Kalifoniya, suka fito da dabarar kama ƙwayar halitta tana tsakiyar ƙera furotin, a ga daidai inda take karantawa. Ashe tana karanta wuraren da aka yi watsi da su. Ɗaruruwa. Daga baya lissafi ya kai dubbai.

Me ya haɗa wannan da sankara? Ciki, jama'a. Ci!

Tun shekarun 1920 wani Bajamushe, Otto Warburg, ya lura da wani abin mamaki. Lafiyayyar ƙwayar halitta na ƙona sukari da iskar oksijin har ƙurmus, ta samu awon ƙarfi kusan 30 daga kowace ƙwayar sukari. Ta sankara fa? Ko da iskar na nan, sai ta fasa sukarin rabi da rabi, ta samu 2 tak, ta zubar da sauran. Biyu a maimakon talatin! Sai ta rama da haɗama, ta riƙa zuƙar sukari ninkin-ba-ninki, tana gina sababbin ƙwayoyi da guntattakin. Warburg ya samu kyautar Nobel a 1931.

Haɗamar nan ce ke tona mata asiri a na'urar hoto ta PET: a yi wa majiyyaci allurar sukari mai alama, duk inda aka fi wawurarsa ya haska. Amma kun san hanta da wayo? Wasu sankarorinta ba sa haskawa sosai, don sun gaji dabarar uwarsu ta mayar da sukari waje.

Yanzu ga ƙananan a fagen fama. A 2017 masu bincike a ƙasar Sin suka gano wani feftaid mai ƙwaya 53 da ke taka wa wannan haɗama burki a sankarar hanji. A 2020 sai ga SMIM30, ƙwaya 59, shi kuwa zuga sankarar hanta yake yi ta girma ta bazu. A 2022 aka ba da rahoton MPM, ƙwaya 56, mazaunin maitokondiriya, wato sashen da ƙwayar halitta ke ƙona abincinta. Idan ya ragu a sankarar hanta, sai wutar ta ƙara ruruwa, cutar ta samu ƙarfin yin ƙaura zuwa wasu sassan jiki. Ku duba fa: duk ukun nan babu wanda ya kai 60, kuma duk daga wuraren da aka ce ba sa haifar da komai suka fito.

Maitokondiriyar nan ma tana da nata DNA, harafi 16,569, kuma daga uwa kaɗai ake gadonsa. An daɗe ana cewa furotin 13 kawai yake yi. A 2001 Japanawa suka tsinci humanin a ciki, ƙwaya 24. A 2015 aka tsinci MOTS-c, ƙwaya 16, wanda ya hana ɓeraye yin ƙiba duk da ana ɗura musu abinci mai maiƙo. Har hukumar da ke yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasannin duniya ta haramta wa 'yan wasa shi!

A nan dai a yi hattara. Akasarin wannan aiki a jikin ɓeraye yake da kwanon gwaji. Duk wanda ya tallata muku kwalbar feftaid a intanet da sunan maganin sankarar hanta, aljihunku yake so.

Kuna son wanda ya fi waɗannan ƙanƙanta? Gulutatayon. Ƙwaya 3! Hanta ce babbar ma'ajiyarsa, da shi take kashe dafin abubuwa da yawa. Idan mutum ya zarce ƙima wajen shan farasitamol, gulutatayon ɗin ke ƙarewa, hanta ta fara mutuwa. Maganin da likitoci ke bayarwa a lokacin, aikinsa ya taimaka a sake cika ma'ajiyar. Abin haushin, ƙwayoyin sankara ma sun iya tara shi, su kare kansu daga magungunan da aka turo su kashe su.

Akwai kuma hefsidin, ƙwaya 25. Hanta ke yin sa, shi ke yanke yawan sinadarin ƙarfen da hanji zai bari ya shiga jini. A sankarar hanta sau da yawa yakan ragu. Ita kuwa sankara tana matuƙar son ƙarfe.

Ba duk ƙarami ne aboki ba. Maikurosistin ƙwaya 7 ne, daga koren gansakukar ruwan kwance yake fitowa, kuma hanta yake nufa kai tsaye. A 1996, a garin Caruaru na Birazil, ya gurɓata ruwan wata cibiyar wankin ƙoda. Majiyyata sama da 50 suka rasu.

Kun taɓa jin labarin talotalon Ingila? A 1960 kimanin 100,000 suka mutu. Da aka bi sawu, sai aka tarar da garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Birazil ne ya yi funfuna. Nan aka gano gubar afulatoksin, wadda ke kama gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, matsalar da manomanmu suka sani sarai. Idan ta haɗu da ciwon hanta nau'in B a jiki ɗaya, haɗarin sankara ninkuwa yake yi sau da yawa. Kuma gubar tana da wurin da ta fi so ta sara! Furotin p53, mai hana ƙwayoyin halitta zama sankara, ƙwaya 393 gare shi. Gubar kan sa a musanya guda ɗaya tak, ta 249. A 1991 aka ga wannan tabo a hantar majiyyata a Qidong ta ƙasar Sin da kuma kudancin Afirka, daga baya aka same shi har a jinin majiyyata a Gambiya.