Alƙiblar Hali a Wasan Kwaikwayo na Tebur

A shekarar 1974, a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin ta Amurka, aka buga wasan nan mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙago, inda jama'a kan kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani gwarzo na ƙage, ɗaya daga cikinsu yana jan ragamar labari, ana jefa 'ya'yan lido masu fuskoki da yawa domin a san wanda ya yi nasara. A takardar kowane gwarzo akwai gurbin da ake rubuta alƙiblar halinsa, kuma wannan ɗan gurbi, duk da ƙanƙantarsa, ya haddasa saɓani mai yawa tsakanin ma'abota wasan.

Da fari alƙiblu uku ne kacal, wato nizami, da hargitsi, da tsaka-tsaki, an kuwa samo su ne daga ƙagaggun labaran Poul Anderson da Michael Moorcock, inda rundunonin tsari da na rikici ke fafatawa a kan makomar duniya. Daga baya aka haɗa da ma'aunin alheri da sharri, har a littafin 'yan wasa na 1978 aka sami gida tara, uku sau uku. Bugu na huɗu, na 2008, ya rage su zuwa biyar, na biyar kuma, na 2014, ya maido da taran.

Babban kuskure, wanda a ganina shi ne tushen sauran, shi ne ɗaukar alƙibla tamkar mari a ƙafar gwarzo, alhali kuwa bayani ne na abin da ya yi galaba a ɗabi'arsa. Sau da yawa za ka ga ɗan wasa ya sa gwarzonsa ya yashe jakar abokin tafiyarsa cikin dare, sauran suka ɗago kai daga takardunsu fuska a murtuke, shi kuwa ya ɗora yatsa a kan gurbin nan ya ce, "Kada ku ga laifina, 'yan uwa, haka aka rubuta shi." Wannan hujja mai rauni ce, domin wanda ya rubuta kalmar shi ne ya zaɓi aikin, kuma ko mugu yana da aminan da yake tsare wa amana, ko don ƙauna ko don maslahar kansa. Aiki ne ke haifar da alƙibla, shi ya sa idan gwarzo ya dawwama a kan zalunci, mai jan ragama yana da ikon ya ce alƙiblarsa ta sauya, ko da me aka rubuta tun farko.

Kuskure na biyu ya shafi ma'anar nizami, wanda wasu ke zaton ɗa'a ce ga dokar kowane mai mulki. Barde mai tsarki, wani nau'in gwarzo a wasan, wanda tsofaffin bugu suka wajabta masa ya zama mai nizami da alheri, in ya shiga ƙasar azzalumin sarkin da ya halatta wa kansa dukiyar marayu, ba a ɗora masa biyayya ga wannan hukunci ba, saboda abin da yake riƙo da shi shi ne alkawari da ƙa'ida da rantsuwar da ya yi, kuma su ne za su sa ya tsaya gaban sarkin ya ce a'a. Haka nan hargitsi ba hauka ba ne. Wanda aka fi buga misali da shi a nan shi ne Robin Hood na almarar Ingila, mai hankali da dabara, wanda ya fifita 'yancinsa da tausayin talaka a kan umarnin hukuma.

Tsaka-tsaki ma an jahilce shi, har wasu na tsammanin wajibi ne a bi kowane alheri da sharri daidai da shi domin ma'auni ya daidaita, alhali galibi ana nufin mutum ne irin na yau da kullum, mai kula da iyalinsa, wanda ba ya neman cutar da kowa, ba ya kuma sayar da ransa don baƙo.

Saura mas'alar jinsin halittu, wadda ta fi nauyi. Tsofaffin littattafai sun hukunta wa wasu halittu, kamar dodannin da ake kira orc, sharri tun daga haihuwa, har 'yan wasa da dama suka ɗauka jininsu ya halatta ba tare da bincike ba. A 2020 kamfanin Wizards of the Coast, mai mallakar wasan, ya sanar cewa zai riƙa nuna su a matsayin al'ummu masu zaɓi, na kirki da na banza duka a cikinsu.